Zoben baiko karat 18, zoben aure karat 22: a haɗa su a yatsa ɗaya?

Amaryar Gobe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Zoben baikona karat 18 ne, an buga 750 a cikinsa, rawaya ne, da daimon ɗaya a tsakiya sai wasu 'yan ƙanana uku-uku a kowane gefe. Zoben auren kuma ba saye zan yi ba, na kakata ne Allah ya jiƙanta, mahaifiyata ta ajiye min shi tun ina 'yar sakandare. Shi babu ado ko ɗaya, sumul yake, an buga 916 a ciki har lambar ta fara shafewa. Niyyata in sa su tare a yatsa ɗaya. To jiya na kai shi a rage min faɗi, sai mai shagon ya ce kada in kuskura, wai na 18 zai cinye na 22 cikin 'yan shekaru, gara in sayi wani na 18 a wurinsa su zama iri ɗaya. Na kasa gane ko gaskiya yake gaya min ko ciniki yake nema. Ba na son zoben da ya yi shekara da shekaru lafiya lau ya zo ya lalace a hannuna.

Maman Iman: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Ciniki yake nema, ki rabu da shi. Shekarata tara da na 14 da na 18 a yatsa ɗaya, ban ga wanda ya ci wani ba.

Anti Luba: Maman Iman ki bi a hankali. Naki 14 da 18 ne, nata 18 da 22 ne, ba ɗaya ba ne. Ni na taɓa riƙe awarwaro na 22, da yatsa biyu na lanƙwasa shi ba tare da na yi niyya ba.

Mai Sikeli: Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda za a ce wa mutum ya ajiye 916 ya ɗauki 750. Bari in fasa muku lissafin. Karat kashi 24 ne. Na 22 yana nufin kashi 22 zinariya ce, biyu gauraye, shi ne 916 cikin dubu. Na 21 shi ne 875. Na 18 shi ne 750, wato rubu'insa ba zinariya ba ce. Na 14 ake buga wa 585, na 9 kuma 375. Ki ɗauki zobe mai giram 4: in na 22 ne akwai zinariya giram 3.66 a ciki, in na 18 ne giram 3 cif, na 14 giram 2.34, na 9 kuwa giram ɗaya da rabi kacal. Hajiya amarya, zoben kakarki ya fi abin da yake son sayar miki daraja, ko an cire maganar gado.

Amaryar Gobe: Na gode Malam. Amma ni ba sayarwa zan yi ba, sawa zan yi. Tambayata ko zai lalace.

'Yar Auta: Ku yi haƙuri da tambayar jahilci. A takardar zobena an rubuta karat 0.5 kuma an rubuta karat 18. Wanne ne gaskiya?

Malam Injiniya: Duka biyun gaskiya ne ƙanwata. Karat 0.5 nauyin dutsen ne, karat ɗaya na dutse giram 0.2 ne, kin ga naki giram 0.1 ke nan. Karat 18 kuma tsabtar zinariyar ce. Suna ne ya zo ɗaya, ma'auni daban.

Sai in koma kan tambayar amarya. Mutane sun ɗauka duk lokacin da lambar karat ta sauka, ƙarfi yana hawa daidai-wa-daida, kamar matakalar bene. Ba haka abin yake ba. Akwai ma'aunin taurin ƙarfe da ake kira Vickers. Tsantsar zinariya da aka gasa ta huce tana wajen 25. Na 22 a gashe yana tsakanin 50 da 70, in an buge shi an murza shi ya kai wajen 140. Rawayan na 18, wanda rubu'insa rabi azurfa rabi jan ƙarfe ne, yana wajen 150 a gashe, in an murza shi ya wuce 200. Na 14 kuwa lambobinsa a cikin na 18 suke shiga suna fita, ya danganta da abin da aka gauraya. Shi ya sa Maman Iman ba ta ga komai ba, zobbanta kusan sa'annin juna ne. Shi ya sa kuma Anti Luba ke da gaskiya, tazarar 22 da 18 tazara ce ta gaske.

Maman Iman: To ai ka raba mana gardama, kowa ta ci rabi.

Amaryar Gobe: Ke nan mai shagon gaskiya ya faɗa?

Baba Maƙeri: Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan zance ta ce in sa baki, ita ke rubuta min, in kun ga kuskure nata ne.

'Yata amarya, mai shagon bai yi ƙarya ba, amma ya bar jaki yana dukan taiki. Na yi shekaru ina karɓar zobba gyara, kuma in aka kawo min zoben da maƙwabcinsa ya ci shi, kafin in duba lambar ciki na riga na san abin da zan gani. Zobe sumul da zobe sumul, ko da ɗaya na 22 ne ɗaya na 18, abin da suke yi wa juna shi ne su goge juna, gefen ya yi santsi yana ƙyalli kamar bayan cokalin da ya tsufa. Na mai laushin ne zai fi raguwa, wannan ba gardama, amma raguwa ce ta shekaru masu yawa, sai a sikeli za ki gan ta. Wanda ake kawo min da rauni na gaske kuwa, rami ne za ki gani a gefensa, siriri, kamar an ja zarto sau biyu an fasa. Wannan ba aikin karat ba ne. Dutse ne.

Kin ce naki yana da ƙananan daimon uku-uku a gefe. Nan nake so ki duba. Kowane daimon yana da ƙugu, wato bakin nan da ya zagaye shi inda sama da ƙasa suka haɗu. In maƙerin ya dasa duwatsun ƙugunsu ya leƙo waje da jikin zoben ko da kaurin gashi ne, to kin ɗaura wa zoben kakarki magagari. Duk motsin da hannunki ya yi, sai ya ɗan ci. Daimon ba ruwansa da 22 ko 18 ko 9, duk tafiyarsu ɗaya a wurinsa. Da kin sayi na 18 ɗin da ake tallata miki, shi ma haka zai yanka shi, sai dai ya ɗan ƙara kwana.

Malam Injiniya: Baba ya gama magana. A ma'aunin Mohs, na taurin duwatsu, daimon 10 ne, ƙarshen ma'aunin ke nan, zinariya kuwa 2.5 zuwa 3. Ko ƙurar da ke shiga tsakanin zobban akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, shi kuma 7 ne. Yawancin ƙarzuwar da kuke gani a zobe ba ɗan uwansa ne ya yi ba, yashin da ya maƙale tsakaninsu ne, da hannun ƙofa, da makulli.

Amaryar Gobe: Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu na ciro su na haɗa, amma idona bai iya gane ko dutsen ya leƙo ba. Yaya zan yi in sani?

Baba Maƙeri: Ki haɗa su fuska da fuska ki ɗaga wajen haske. In ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe ba rata, madalla. In kin ga haske yana ratsawa, zobban sun tsaya a kan wuri ɗaya ko biyu suna lilo, ki duba mene ne a wurin, dutse ne ko 'yan faratan da suka riƙe shi. In har yanzu ba ki gane ba, ki sami baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubutu a jikin kwali da shi, ki shafe gefen zoben kakar taki, ki bari ya bushe, ki sa su tare ki yi wuni ɗaya kina harkokinki. Da dare ki cire ki duba. In baƙin ya goge bai ɗaya ko'ina, gogayya ce ta zaman tare, ko harshe da haƙori ma suna yi. In kuwa kin ga 'yan ɗigo-ɗigo ko layi siriri mai ƙyalli a daidai inda duwatsun suke, kin kama ɓarawonki. Makar da ɗan sifirit take fita, ba ta yi wa zinariya komai.

Uwargida: Baba Allah ya saka da alheri, da na san wannan tun da wuri da ban yi asara ba. Ni nawa akasin nata ne. Zoben baikona ne mai dutse ɗaya a kan farata huɗu, zoben auren kuma duwatsu ne zagaye da shi gaba ɗaya. Dukansu 750, shago ɗaya, rana ɗaya aka saya, an ce min saiti ne. Shekara shida ina sa su. Wata rana ina ninke kayan yara na ji wani abu yana kama zare, na duba sai na ga dutsen ya karkace kamar hular da iska ta buga. Kafin in cire zoben ya faɗi, na ji ƙarar sa a kan tayil sau ɗaya, shi ke nan. Mun share ɗakin nan da tocila har tsakar dare. Da aka kai wa mai gyara ya sa gilashin ido ya nuna min: duwatsun ɗayan zoben sun yanke gindin farce ɗaya saura kamar zare. Karat iri ɗaya fa. Don haka amarya, kada wani ya ruɗe ki da wai in lamba ta zo ɗaya an tsira.

Anti Luba: Innalillahi. An ga dutsen daga baya?

Uwargida: Ko ƙyallinsa. Ina zargin ya bi ruwan goge-goge.

Maman Iman: Allah ya mayar da alheri. Yanzu kin sa na cire nawa ina dubawa, wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta.

Ɗalibin Tarihi: Ni ban san ƙira ba, amma haɗa ƙarfe biyu a yatsa ɗaya ba sabon abu ba ne. Marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu, zoben baikonta na 1947 na filatinom ne da daimon, zoben aurenta kuma rawayar zinariya ce da aka haƙo a Wales, ta sa su fiye da shekara 70. Kuma a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Birtaniya ta taƙaita zoben aure ya zama karat 9, nauyinsa kada ya wuce wajen giram 3. Matan da suka yi aure a shekarun nan ba wanda ya tambaye su ko ya dace da zoben baikonsu, abin da ke akwai suka sa. Har yau ana samun irin zobban a hannun jikoki.

Uwargida: Malam, Sarauniya tana wanke-wanke? Tana matse tsumma? Ita da ke da masu duba mata kayan ado. A kawo misalin mai aiki da hannunta.

Ɗalibin Tarihi: Na karɓi gyara Hajiya. Amma matan 1942 ai sun yi wanki.

Mai Sikeli: Karat 9 kuma har a kira shi gwal? Abin da kusan kashi biyu cikin uku ba zinariya ba ce?

Ɗalibin Tarihi: Ya danganta da ƙasa. A Birtaniya 375 halastaccen ma'auni ne, dokar hatimi ta 1973 ta san da shi, kuma duk kayan zinariyar da ya wuce giram 1 sai ofishin gwaji ya buga masa hatimi kafin a sayar da shi da sunan zinariya. Ofisoshin huɗu ne, kowanne da alamarsa: Landan kan damisa, Birmingham ƙugiyar jirgin ruwa, Sheffield fure, Edinburgh fada mai ganuwa. A Faransa na 18 ake buga wa kan mikiya. A Amurka na 14 ya fi yawa a zobban baiko. A Indiya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa 22 da 21 ne kan gaba. Kowa da abin da idonsa ya saba da shi.

Mai Sikeli: Su dai suka sani. Ranar da aka zo sayarwa sikeli ba ya jin Turanci.

Amaryar Gobe: Tun da an zo maganar ido, akwai abin da ban faɗa ba. Launinsu ba ɗaya ba ne. Na kakata rawaya ne sosai har yana ɗan ja, nawa kuma in an jera su sai ya koma fari-fari kamar ya yi rashin lafiya. Shi kaɗai ban taɓa ganin haka ba sai da na haɗa su.

Anti Luba: Wannan ita ce matsalar da za ki riƙa gani kullum, ba zaizayewa ba. Kuma ba ta da magani, ko dai ki so shi haka ko ki raba su. Ni ina son bambancin, musamman in ya fito sosai. Abin da ba na so shi ne na kusa da juna, irin 14 da 18, da mutum zai yi ta kallo yana tunanin ko ɗaya ne ya koɗe.

Maman Iman: Anti Luba yau da ni kika tashi ko? Nawa ba wanda ya taɓa lura sai na faɗa.

Malam Injiniya: Har na 18 biyu ma suna iya saɓawa a launi. Lambar 750 ta gaya miki yawan zinariya ne kawai, ba ta gaya miki sauran 250 ɗin mene ne ba. In azurfa ta fi yawa sai ya yi haske har ya ɗan karkata kore. In jan ƙarfe ya fi yawa ya yi ja, shi ne wanda ake kira jan gwal. In aka sa faladiyom ko nikel ya yi fari. Kamfanin Cartier tun 1924 yake yin zobe mai ƙawanya uku sarƙe da juna, fari da rawaya da ja, na yanzu dukansu 18 ne, kuma an yi su ne don su riƙa birgima a kan juna. Sumul suke, ba dutse a asalin samfurin, shi ya sa gogayyar ba ta dame su ba.

'Yar Auta: To ni nawa fari ne, 750, amma ƙasansa wajen tafin hannu ya fara komawa rawaya-rawaya. Na jabu aka sayar mana?

Baba Maƙeri: A'a 'yata. Farin gwal asalinsa ba fari fat ba ne, yana da ɗan duhu ko ɗan rawaya. Ruwan wani farin ƙarfe mai suna rodiyom ake yi masa a sama, shi ke ba shi hasken nan kamar madubi, kuma ruwan siriri ne ƙwarai, yana gogewa. Ki kai a sake masa. In kina haɗa shi da wani zoben, gefen da suke gogayya nan zai fara fita, ko wane karat ne ɗayan. Abu ɗaya: in ruwan ya goge kika ga yatsa yana ƙaiƙayi yana ja, wataƙila da nikel aka gauraya shi, fatar wasu ba ta shiri da nikel. Turai ma sun sa doka a kan yawan nikel da kayan ado zai riƙa saki a fata tun 1994. Mai irin wannan fata ta nemi wanda aka gauraya da faladiyom.

Hajiya Babba: Ni duk wannan dogon zance, me ya hana a liƙe su kawai su zama ɗaya? In ba motsi ai ba gogayya. Ƙanwata haka ta yi.

Mai Sikeli: Hajiya don Allah kada ki ba ta wannan shawara. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min zobba biyu da wani mai gyara ya yi wa walda, ɗaya 875 ɗaya 585. Ta zo tana lissafin kuɗin na 21. Na ce mata ko dai a yanka a raba a auna kowanne daban, ko a saya duka a farashin na ƙasa, don ba wanda zai sayi abu biyu a haɗe a kan lambar babba. Da aka raba, sai ga gefen na 21 ɗin duk dabbare-dabbaren abin liƙi, sai da aka kankare. Ta yi asara ta sama ta yi ta ƙasa. Har kuka ta yi a gabana.

Hajiya Babba: Kai komai sai ka kai shi sikeli. Yarinya ta ce ba sayarwa za ta yi ba.

Mai Sikeli: Ba wanda ke saye da niyyar sayarwa, Hajiya. Rana ce ke zuwa.

Baba Maƙeri: Ku duka biyun akwai abin kamawa a zancenku. Liƙewa tana hana gogayya, wannan gaskiya ne, kuma in zobba biyu saiti ne, karat ɗaya, mai su ba ta taɓa sa ɗaya ba ɗaya, ni da kaina nakan ce a liƙe. Ɗigo biyu ake yi ta ƙasa, da sinadarin liƙi na karat ɗin, ba a zagaye shi duka. Wanda ya yi wa matar nan dabbare-dabbare ba maƙeri ba ne, mai gyaran bokiti ne.

Amma na wannan yarinya ba zan liƙe ba ko ta biya ni ninki. Na farko, yatsa yana canzawa. Ciki, haihuwa, ƙiba, rama, tsufa. Ranar da za a ƙara faɗi, sai an raba su, kowane rabawa da liƙewa wuta ce da magagari, kuma mai laushin ne ke biyan kuɗin. Na biyu, zoben gado ba nata ba ne ita kaɗai. Ya zo mata shi kaɗai, ya kamata ya wuce hannun ta gaba shi kaɗai. Na uku, akwai ranar da za ta so ta ajiye mai dutsen ta sa sumul ɗin kawai, ranar aiki ko tafiya.

In gwajin maka ya nuna dutse na taɓawa, abin da nake yi shi ne in ƙera ɗan siririn zobe, faɗin milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, a sa shi tsakani. Shi zai sha yankan. In ya cinye bayan shekaru a narka shi a sake wani, ba wanda zai yi kukansa, ba shi da tarihi. In ba ta son uku a yatsa, ta sa na kakar a ɗaya hannun. Ba dole sai sun kwana ɗaki ɗaya ba.

Uwargida: Baba wannan na tsakiyar da wane karat za a yi shi?

Baba Maƙeri: Da na 18, irin launin na baikon, kuma a buge shi da hannu ko a ja shi, kada a zuba shi a zubi. Bugagge ya fi zubabbe tauri. Sai a goge gefensa ya yi santsi a kashe kaifin baki, don shi ne zai jingina da na 22.

Malam Injiniya: In ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba. Kauri ya fi karat muhimmanci wajen daɗewar zobe. Na 22 mai kaurin milimita biyu zai binne na 14 mai kaurin takarda. Amarya ki sa a auna kaurin na kakarki ta ƙasa, inda ya fi shan wahala. In ya riga ya siɗe, ko shi kaɗai kika sa zai lotse. Kuma ku kiyayi bilicin wanki da ruwan wurin ninƙaya mai kulorin. Zinariyar kanta ba ya yi mata komai, gaurayen yake ci, don haka ƙananan karat sun fi jin jiki, faratan da suka riƙe dutse su yi rauni su tsage ba a sani ba. A wannan fannin na kakarki ya fi na baikon juriya.

Mai Sikeli: Alhamdulillahi, yau dai Injiniya ya yabi 916 da bakinsa.

Anti Luba: Amarya, wata tambaya. Kin ce rage faɗi kika kai shi. In an rage, guntun da aka yanke fa?

Amaryar Gobe: Wallahi ban yi tunanin wannan ba.

Baba Maƙeri: Ki ce a ba ki abinki, a auna zoben a gabanki kafin da bayan aiki. Kuma ki nuna masa inda lambar 916 take ki ce kada ya yanka ta nan. Zobe sumul irin wannan, in ragin kaɗan ne, akwai na'urar da ake matse shi da ita ba tare da an yanka ba ma. Ki tambaya. Sannan kada ki bari ya yi sako-sako, zoben da ke juyi a yatsa ya fi wanda ya zauna daidai gogayya nesa ba kusa ba.

Amaryar Gobe: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Na yi gwajin maka shekaranjiya. Da dare na cire, baƙin yana nan kusan ko'ina, sai wuri biyu da suka yi fari tas, ƙanana kamar kan allura, kuma da na jera zobban daidai kan duwatsu biyu na gefen dama suka faɗa. Na hagu ba su taɓa ba. Na kai wa wani maƙerin daban, ya ba ni gilashinsa na duba da idona, ƙugun duwatsun ya leƙo kamar yadda Baba ya faɗa, har na ji kunyar yadda na yi wata huɗu da zobe ban sani ba. Ya auna na kakata, ƙasansa milimita 1.6, ya ce da sauransa. Ya matse shi ba yanka. Na ba da aikin ɗan siririn na tsakiya, sati mai zuwa zan karɓa. Kafin nan na kaka yana hannun dama.

Launin kuwa har yanzu ban yanke hukunci ba. Da safe in na kalla sai in ga ya yi kyau, da rana a cikin haske sai in ga kamar na aro ɗaya. Mahaifiyata ta ce ita ko a jikinta, ita dai ta ga zoben uwarta a hannuna.

Maman Iman: Ma sha Allah. Ni ma na yi gwajin, nawa ba ɗigo, amma na gano farce ɗaya ya ɗan ɗaga. Gobe zan kai.

Mai Sikeli: Amarya, na tsakiyar nan, tunda za a ƙera sabo ne, me zai hana a yi shi da 21?

Baba Maƙeri: Malam, an ce maka wanda zai sha yanka ake nema.

'Yar Auta: Baba, ni wace irin maka zan saya, mai gogewa ko marar gogewa? Nawa zoben fari ne, kada ta ɓata ruwan rodiyom ɗin.

Baba Maƙeri: Marar gogewa, mai gogewar gumi kaɗai zai wanke ta kafin azahar. Kuma a kan sumul ɗin za ki shafa, ba a kan mai dutsen ba.